Dashe ko raino: wanne ɗan sa kai zai ɗauka?

Ranar dashen bishiyoyi a bakin rafin gona gayya ce. A watan Yuli ƙasa ta jiƙe, a tona rami, a yage leda, a dasa, kafin azahar an watse. Na nesa ma zai iya.

Raino kuwa sai na kusa, mai haƙuri. Ambaliyar Agusta ta kwantar da dashe, a tayar a tokare da sanda. Rani ya shigo, rafi ya ja baya, sai jigilar ruwa da jarka har Mayu. Ga shingen ƙaya saboda awaki da shanun da ke gangarowa shan ruwa, ga share busasshiyar ciyawa don tsoron gobara. Nan aka fi rasa hannu, ni kam nan zan tura matasa.