Gargaɗi ga 'yan ajin ƙarshe: mai "taimakon furojet" ya cinye min naira 70,000

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajin ƙarshe yana kiran kansa Dakta, wai yana haɗa wa ɗalibai babi na huɗu na furojet da rahoton Turnitin, manhajar da ke gano satar rubutu. Naira 70,000 ya karɓe min. Alawus ɗin NELFUND, asusun lamunin ɗalibai, naira 20,000 ne a wata, ku lissafa wata nawa ke nan. Cikon ma Yayata ce ta ba ni daga kuɗin adashinta, kuma har yanzu na kasa buɗe baki in faɗa mata.

Kada wani ya zo ya ce min maganin malalaci ke nan. Babi na ɗaya zuwa na uku da hannuna na rubuta, malamina ya duba ya sa hannu. Takardun tambayoyi 200 da ƙafata na raba na tattaro. SPSS, manhajar lissafin bayanan bincike, shi ne kawai ya gagare ni, don a allo aka koya mana shi, ba a gaban kwamfuta ba.

Kiran nan ne ya ƙi fita daga raina. Bayan sallar isha'i ya kira, bai fara da maganar kuɗi ba. Ya tambaye ni wane gwajin ƙididdiga malamina yake so, chi-square ko t-test, ya ce in duba kada Cronbach alpha, ma'aunin ingancin tambayoyi, ya gaza 0.7. Sannan ya ce: "Ƙanena, kwantar da hankalinka, ni ma ina da ƙanne a makaranta." Don Allah wa zai ji mutum yana wannan bayani ya kawo cuta a ransa? Wa? "Ƙanena" fa ya ce. A daren na tura 35,000.

Daga baya 20,000 na Turnitin. A'a, kafin nan ma akwai 15,000 da ya ce na shigar da bayanai ne, wai aikin yaransa ne daban. 35,000 da 15,000 da 20,000. Na ga sunan asusun ba nasa ba ne, na tambaya, ya ce na matarsa ne, kuma mutane da yawa suna haka.

Abin da ya turo min aikin wani ne. Mutanena 200, amma teburansa na cewa 384, lambar nan ta jadawalin Krejcie da Morgan da kowa ke ɗauka a matsayin adadin mutanen bincike. A tebur na shida ma sunan wata ƙaramar hukuma ce da ban taɓa takawa ba. Malamina ne ya nuna min da biro, a gaban abokan karatuna, ya ce "ina ka samo sauran mutum 184?" Kunyar da na ji a ofishin nan, Allah kaɗai ya sani.

Rahoton Turnitin ɗin da ya ba ni ya nuna kashi 12 kawai ne ya yi kama da rubutun wasu. Da sashenmu ya duba, kusan duka aikin ya yi ja, har babukan da na rubuta da kaina. Ashe ya loda su ne a asusun wata makaranta suka shiga ma'ajiya, yanzu rubutuna ake nuna min a matsayin na wani. Turnitin makarantu yake sayar wa lasisi, ba ɗaiɗaikun ɗalibai ba, to shi a ina ya samu? Ranar ma da na tura 20,000 ɗin har addu'a ya yi min. Yanzu ya toshe ni, lambar a kashe, ga ranar kare aiki ta matso, kuma in ta wuce ni sunana ba zai shiga jerin NYSC tare da 'yan ajinmu ba. 70,000.

Kada ku biya wanda ba ku gani ido da ido ba, kuma kada ku tura masa fayil ɗinku. Ku je ɗakin karatu ko wajen malamin sashenku.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar na rufe sunayen da ba ruwansu. Na kai ƙorafi banki, kuma ina rubuta wa EFCC. Wanda ya san ya taɓa tura wa mutumin nan kuɗi ya yi min magana ta akwatin sirri mu haɗa takardunmu wuri guda.