Rundunar da ta shiga gwangwanin biskit: yinina a taron Joy of Six na Sheffield

Wani Bature abokin aikina ne ya ja ni. Shekara biyu ke nan duk lokacin cin abincin rana sai ya zaro waya ya nuna min hotunan wasu mitsi-mitsin sojoji da ya raba dare yana yi musu fenti. Mutum ne mai furfura, har da jikoki. Ni dai ina gyaɗa kai ne don kara, a raina ina cewa abin da muka bari tun muna sukuwa a kan dokin kara shi ne wannan bawan Allah ya riƙe har tsufa. Da ya ce akwai taronsu na masu wasan yaƙi da waɗannan sojoji a Sheffield ranar wata Lahadi, kunya ta hana ni cewa a'a. Na ɗauki ɗana mai shekara tara, don in abin ya gundure ni in fake da shi mu gudu.

Ba mu gudu ba. Sai da aka fara naɗe tebura muka fito.

Sunan taron Joy of Six, kamfanin Baccus mai ƙera irin waɗannan sojoji a can Sheffield ɗin shi ne jagoransa, kuma a harabar jami'ar Sheffield Hallam aka yi shi. Daga tashar jirgin ƙasa titi kawai za ka tsallaka ka hau ɗan tudu. Shidan da ke cikin sunan tsawon sojan ne, milimita 6 daga tafin ƙafa zuwa ka. Ɗauki ƙwayar shinkafa guda ka tsayar da ita, to ka ga sojan. An rage mutum sau wajen 300 ke nan. Galibin masu wannan wasa a Ingila da 'yan milimita 28 suke yi, irin na Warhammer da kamfanin Games Workshop na Nottingham ke sayarwa, kuma babban taronsu shi ne Salute na Landan. Su waɗannan na Sheffield 'yan tsiraru ne a cikin 'yan tsiraru, kuma sun san da haka, har alfahari suke yi da shi.

Na shiga zauren ina tsammanin in ga kayan wasan yara. Abin da na gani ya fi kama da leƙen ƙasa ta tagar jirgin sama lokacin da zai sauka. Tebur na farko da ya tsayar da ni fagen yaƙin Waterloo ne na 1815, inda aka ci Napoleon na Faransa: gonaki, hanyoyi, gidan gonar Hougoumont da katangarsa, da layukan sojoji ja da shuɗi da suka miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. An cusa auduga a bakin igwa a matsayin hayaƙi. A nan na gane dalilin da ya sa suka zaɓi ƙanƙanta. Da manyan sojoji, mutum ashirin ne za su tsaya a ce bataliya ce, sai ka yi ta lallashin idonka ya yarda. A nan kuwa dubbai ne a jere, runduna ta yi kama da runduna, kuma akwai fili tsakaninsu, kana ganin tazarar da mahayi zai keta kafin ya isa kan masu bindiga. Na sha karanta cewa kwamanda kaza ya makara wajen kai ɗauki, ban taɓa jin abin a jikina ba sai da na ga nisan da idona.

Idan ka sunkuya ka ɗauki ɗaya, sihirin ya karye. Fuska ɗigon fenti ce, bindiga ɗan layi ne baƙi. Wani dattijo da ke kula da teburin ya ga na ƙura ido, sai ya yi dariya ya ce in mayar in ja da baya taku biyu, don nesa aka yi su. Gaskiyarsa. Ba a ɗaga su ɗaya-ɗaya ma, ana manna ashirin da wani abu a kan ɗan allo da bai kai tsawon yatsa ba, allon ne ake turawa.

Wasan kansa ba shi da wuyar kamawa in an samu mai haƙurin koyarwa. Kowane ɓangare na da nasa zagayen. Ana auna tafiyar runduna da tef irin na tela, dakaru su yi kaɗan, mahaya su fi su, daji da tudu su rage wa kowa sauri. In an zo harbi ko arangama sai a jefa dayis, irin na ludo, a duba takardar ƙa'ida a ga wa ya ja da baya, wa ya watse. Ko sisi ba a sawa, na faɗa ne don na san wani zai tambaya. Tushen abin ma daga soja yake: a 1824 wani hafsan Furushiya, tsohuwar daular Jamusawa, mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, suka karɓe shi suna horar da hafsoshi da shi. Daga baya ne ya fita daga bariki ya koma teburin cin abinci.

Mun fi daɗewa a wani tebur da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai launin rairayi, da kogi shuɗi a gefe ɗaya da 'yan jiragen ruwa masu igwa a kansa. Tun daga nesa na ga fararen riguna masu faci-faci da tutoci, gabana ya ɗan faɗi. Fagen yaƙin Omdurman ne, wanda 'yan Sudan ke kira Karari, ranar 2 ga Satumba 1898. Ga rundunar Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, ta ba Nilu baya ta yi zobe a bayan shingen ƙaya da ramuka, ga Ansar, mayaƙan Halifa Abdullahi magajin Mahadin Sudan, sun cika sauran teburin. Masu teburin, mutum biyu, suka ce akwai gurbi, wane ɓangare muke so? Kafin in buɗe baki yaron ya nuna masu fararen riguna.

Suka ba shi mutanen baƙar tuta, ni kuma suka ba ni wasu mahaya a gefe. Zagaye uku muka yi muna tura alluna gaba, kowane zagaye mutumin da ke riƙe da Turawa ya jefa dayis cike da hannu saboda bindiga mai ruwa, sannan ya miƙo hannu cikin ladabi ya kwashe mana allo biyu ko uku ya ajiye a tire. Har haƙuri yake ba mu. Yaron ya juyo ya ce, "Abba, ai ba mu ma taɓa su ba." Na ce masa haka aka yi. A ranar an kashe Ansar sama da dubu goma, a ɓangaren Kitchener waɗanda suka mutu ba su kai hamsin ba.

Abin da ya ɗaga darajar teburin a idona shi ne masu shi ba su maida wannan abin dariya ba. Sun tsara ƙa'idar ta yadda Ansar ba sai sun karya Kitchener za su ci ba, ya isa su rutsa birged ɗin MacDonald, ɗaya daga cikin hafsoshin Kitchener, wadda a ainihin yaƙin ta rabu da sauran har aka far mata daga fuska biyu. Ɗaya daga cikinsu ya yi ta ba ni labarin yadda Turawan suka kwana cikin fargabar harin dare, wanda da an kai shi da bindigoginsu ba su yi amfanin da suka yi ba. Ya san sunayen sarakunan yaƙin Halifa fiye da ni. Na ji kunya kaɗan.

Ni kuwa ina kallon tiren nan da ake tara mutanenmu, Burmi nake tunawa. Ƙasa da shekara biyar bayan Karari, irin wannan bindiga ce ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a Giginya ranar 15 ga Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli. Waɗanda suka tsira suka ci gaba gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna da jama'arsa a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, a garin da har yau ake kira da sunansa. Na gaya wa mai teburin wannan, ya zaro ɗan littafi ya ce in rubuta masa sunayen. Ya tambaye ni yadda baradenmu ke shiga. Na yi iya ƙoƙarina wajen kwatanta masa lifidi da sulke da kwalkwali, na ƙarasa da nuna masa hoton hawan daushe a waya. Na zaga rumfunan duka daga baya, ban ga doki ko ɗaya mai lifidi ba.

Ban fito da amsa ɗaya ba kan ko ya dace a yi wasa da irin wannan rana. Minti arba'in na yi ina jin daɗi, ina ihu in dayis ya faɗi daidai, kuma a cikin minti arba'in ɗin wani abu na tsaye min a maƙogwaro. Mun sha kaye, amma allo ɗaya na yaron ya kai ga layin MacDonald, aka tafa masa, har yau yana ba da labari.

Ba kowane tebur ne haka ba. Akwai inda na tsaya kusan minti goma, mutum huɗu sun dunƙule kai suna gardama kan wani sakin layi a littafin ƙa'ida, ba wanda ya ɗago ya ce sannu. Wasu kuma bayaninsu na wanda ya riga ya sani ne, su yi ta ambaton sunayen ƙa'idoji kamar masu karanto sunayen magani. Tebura biyu na tankokin yaƙin duniya na biyu, kowace tanka kamar ƙwallon dabino, na wuce su da sauri don a idona duk launinsu ɗaya. Sannan a shirya wa ciwon baya, yinin duka a sunkuye ake yinsa. Wanda idonsa ya fara rauni ya taho da tabarau. Kuma kada a sa riga mai faɗin hannu: da hannun kaftanina na share wa wani bawan Allah rabin dajinsa, muka durƙusa muna tsintar itatuwa a ƙasa.

Taron ba shi da girma, zaure ne da za ka zagaye cikin rabin sa'a in ba ka tsaya ba, kuma wannan ya yi min. Ba turereniya, ana jin magana, masu rumfuna na da lokacin hira. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, tikitin jirgin ƙasa ya fi shi ciwo nesa ba kusa ba. Inda aljihu ke zubewa shi ne rumfunan. Ana sayar da sojojin ne a ɗan leda, farin ƙarfe tsirara ba fenti, an jera su huɗu-huɗu a kan siririn sanda. Ga gidaje, ga gadoji, ga dabino, ga tutoci na takarda da sai da hantsaki ake naɗa su. Kowane abu in ka ɗaga shi kaɗai araha ne, sai ka zo biya ka ga sun haɗa kai. Wani mai rumfa ya ce min fentin ba wuya, yamma ɗaya ta isa. Bai gaya min sai an fara shafa musu fentin share fage ba, in ba haka ba launin ba ya kama ƙarfen, na gano wannan ne bayan na ɓata layi shida.

Maganar ajiye siffar mai rai a gida kuwa, malamai na da bayaninsu, ba fagena ba ne, kowa ya tambayi nasa.

Wanda ke son tarihi, ko yake da yaron da waya ta cinye, ko malamin makarantar da ya gaji da zana kibiyoyi a allo, zan ce ya je, ya kuma nemi teburin da ake gayyatar baƙi su zauna, kada ya tsaya kallo kawai. Wanda ke neman hayaniya da fitilu da manyan dodanni, Landan ta fi masa. Mai saurin gundura da dogon bayani zai wahala.

Mun dawo da leda biyu na Ansar da ɗaya ta mahaya. Mahayan nake gwada yi wa lifidi da ɗan ƙullun da ake toshe tsaga da shi, ina dannawa da bakin allura. Uku sun fito kamar dawaki, sauran kamar tumakin da aka lulluɓa wa bargo. Uwargida ta kafa doka bayan ta taka wani mai mashi da tsakar dare: rundunar duka ta koma cikin gwangwanin biskit, a saman firji, kuma ba a sauko da ita sai an gama aikin makaranta.