Darussan tarihi na murya da na saya a kan yaƙin Amurka da Meksiko

Ni tela ne a Agege, kuma mai keken ɗinki kunnensa kaɗai ke da sarari, ido da hannu na kan aiki. Shi ya sa da na ji wani malami na sayar da darussan tarihi da Hausa ta WhatsApp, na tura naira 2,000 na karɓi zangon da ya yi a kan Shugaban Amurka James Polk. Darasi shida ne. Cikin mako guda na gama, wasu a shago, wasu a motar Oshodi.

Darasi na biyu da na uku su suka biya ni kuɗina. Malam ya warware rigimar kamar ta iyakar gona: Amurka ta haɗiye Teksas a 1845, ta ce iyakarta kogin Rio Grande, Meksiko ta ce a'a, kogin Nueces ne da ke can arewa. Polk ya tura wakilinsa John Slidell Meksiko da tayin sayen Kalifoniya, aka ƙi ko sauraronsa. Sai ya umarci Janar Zachary Taylor ya kai soja tsakanin kogunan nan biyu. Ka shiga gonar da ake shari'a a kanta da garma, me kake nema in ba rigima ba?

Wurin da na taka birkin keke na sake saurara shi ne ranar 9 ga Mayu 1846. A ranar Polk ya riga ya shaida wa ministocinsa zai nemi majalisa ta amince da yaƙi, kafin labarin arangamar da aka yi a watan Afrilu ya iso da yamma. Da labarin ya zo, sai ya ce Meksiko ta zubar da jinin Amurkawa a ƙasar Amurka. Ranar 13 ga wata aka ayyana yaƙi. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai. Na ji daɗi da Malam bai manta da Abraham Lincoln ba, wanda yana ɗan majalisa a Disamba 1847 ya nemi a nuna takamaiman wurin da jinin ya zuba.

Inda na ga gazawa kuwa, babu taswira ko ɗaya. Sai da yaron shagona ya nemo min a wayarsa kafin na gane girman abin da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin, ta kwashe: kusan rabin ƙasar Meksiko, a kan dala miliyan 15. Darasi na biyar kuma ƙarar janareta ta cinye rabinsa.

Babban ƙorafina shi ne Malam ya yi gaggawa a kan mutanen Meksiko. Sojan Janar Winfield Scott na Amurka sun shiga babban birninsu a Satumba 1847, amma minti biyu kacal Malam ya ba mutanen Meksiko a darasin. Waɗanda suka kwana 'yan ƙasa suka tashi baƙi a gidajen kakanninsu fa? Na rubuta masa na ce, Allah ya gafarta Malam, a ƙara darasi a kansu, da batun bayi, tunda shi kansa Polk ya mallaki bayi. Ya amsa washegari cewa zai duba. In ya ƙara da taswira, zan sayi zango na gaba.