Karat da gazar: yankan nan biyu ba ɗaya ba ne

'Yar'uwa, kin tambaya ko kalma ɗaya ce ta Ibrananci a Ishaya 53:8 da Daniyel 9:26, tunda a wuraren biyu ana maganar datse wani, wato kashe shi. A'a. Ishaya ya ce gazar, Daniyel kuma ya ce karat.

Gazar ba ta da yawa a Tsohon Alkawari. Yankan rabawa ce. Ita Sarki Sulemanu ya faɗa a 1 Sarakuna 3:25, da ya ce a kawo takobi a raba jaririn biyu. Ita ce kuma a Zabura 136:13, inda Allah ya raba Bahar Maliya. Daga nan ta koma nufin hukunci, kamar a Esta 2:1, abin da aka yanke wa Sarauniya Bashti. Wannan ba baƙo ba ne a kunnenmu, mu ma yanke hukunci muke yi.

Karat kuwa ta fi sau 280, kuma yawanci cire abu take daga jikin da yake manne. Ita ce kalmar da aka yi amfani da ita inda 'yan leƙen asirin da Musa ya aika suka sare reshen inabi a kwarin Eshkol. Ita ce kuma inda Dawuda ya fille kan Goliyat, da inda ya yanki bakin rigar Sarki Saul a kogo, har zuciyarsa ta dame shi a kan ɗan ƙyallen nan. Wanda ya ƙi kaciya, in ji Farawa 17:14, za a datse shi daga jama'arsa. Karat ce.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne alkawari. Mu ƙulla shi muke yi, kamar igiya. Su Ibraniyawa yanka shi suke yi, karat berit. Ki buɗe Irmiya 34 ki gani da idonki: manyan Yahuza a zamanin Sarki Zadakiya sun yanka ɗan maraƙi biyu, suka ratsa tsakanin naman, suka yi alkawarin sakin bayinsu. Wato in mun saɓa, a yi mana yadda aka yi wa dabbar nan. Suka saki bayin, sannan suka sake kamo su. Shi ya sa hukuncin da ya biyo baya ya yi zafi haka.

A Farawa 15 kalmomin biyu suna maƙwabtaka. Gunduwoyin naman da Abram, wato Ibrahim, ya jera, aya ta 17 ta kira su gezarim, daga gazar. Aya ta 18 ta ce Ubangiji ya yanka alkawari, karat. Ki lura, Abram barci mai nauyi ya kwashe shi, tanderu mai hayaƙi da harshen wuta ne suka ratsa tsakani.

A ayoyin da kika kawo dai ma'anarsu ta zo kusa ƙwarai, duka mutuwa ce ta ƙarfi da yaji. Ni ba zan gina koyarwa a kan bambancinsu a nan ba.