Na sake kallon Come Drink with Me: rabin farko ya fi ƙarfin na biyu

Mu da muka tashi da finafinan Cainis mun saba da kwafi mai hazo, sautin ma sai an kasa kunne. Makon jiya na samu kwafin da aka gyara na Come Drink with Me, wanda King Hu ya ba da umarni a kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong a 1966. Launi ya fito tas, fassarar da ke ƙasa ma ana karanta ta ba wahala. Kuɗina bai tafi a banza ba.

'Yan fashi sun sace ɗan gwamna don a sako musu shugabansu, sai 'yar'uwarsa Golden Swallow ta fito nemansa cikin shigar maza. Cheng Pei-pei ce ta fito a matsayinta, lokacin ba ta wuce shekara 20 ba.

Wurin da ya kama ni shi ne masauƙin baƙi. Tana zaune ita kaɗai, ƙarti sun kewaye ta, suna gwada ta da jifan tulun giya da tsabar kuɗi, ko gezau. Sai da zuciyata ta fara bugawa kafin ta zaro gajerun takubbanta biyu. Rawa Cheng ta koya tun tana yarinya, kuma ana gani a ƙafarta: ta tsaya cak, ta kai sara, ta sake tsayawa. King Hu ya ɗauko wannan salo daga wasan dandamalin gargajiya na Beijin, har da ƙarar ganga da katako da ke bin kowane motsi. Sau uku na mayar da wurin baya.

Abin da ya ɓata min rai, tun da aka harbe ta da kibiya mai dafi sai labarin ya koma kan wani mabaraci mashayi da Yueh Hua ya fito a matsayinsa, da tsohuwar gabarsa da shugaban gidan ibada. Ya iya wasa, waƙarsa da yara ma tana da daɗi, amma ita na zo kallo, kuma babban faɗan ƙarshe ba nata ba ne.

Wanda ya san Cheng Pei-pei a matsayin muguwar tsohuwar nan ta Crouching Tiger, Hidden Dragon na 2000 ya nemi wannan ya ga ƙuruciyarta. Ta rasu a Yulin 2024.