Rolar saman shinge da jar fitilar korar dila: abin da na gani bayan wata 8 a Texas

Salam jama'a. Tun tuni nake cewa zan rubuta wannan don 'yan uwa da ke zaune a bayan gari a nan Amurka, musamman masu mage ko kaji, sai yau Allah ya nufa.

Mu dai mun baro cikin Dallas ne muka koma yankin Kaufman, gabas da birnin, saboda maman yara ta ce ita fa sai gida mai fili da za ta yi kiwo kamar yadda ta saba a Funtua. Kaji 9 muka fara da su, sai maguna biyu na yara. A watan Afrilu ɗayar, wadda suke ce wa Fara, ta fita da magariba ba ta dawo ba, da safe sai gashinta muka gani a gindin shinge. Autata kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba wlh. Dattijon da ke maƙwabtaka da mu, Bature ne mai kiwon tumaki, kallo ɗaya ya yi wa sawun ya ce kayoti ne. Ni dila nake ce masa don ɗan uwan dilan gida ne, sai dai ya fi namu jiki, yakan kai kilo 10 zuwa 20, jelarsa buzu-buzu tana kallon ƙasa in yana gudu, kuma in biyu suka fara kuka da daddare sai ka rantse sun kai goma. Dattijon ya ce Afrilu da Mayu ne lokacin da suke da 'ya'ya a rami, shi ya sa ɓarnarsu ke ƙaruwa.

Abin da na fara saya fitilu ne guda 4 masu sola, ƙanana kamar akwatin ashana babba, da dare ya yi sai su riƙa ƙyafta jan haske, wai dila ya ɗauka idon wata dabbar ce ke kallonsa. Ana kafa su daidai tsayin idonsa, wajen ƙafa 2 daga ƙasa, kowace ta fuskanci kusurwa ɗaya. Na haɗa da kyamara mai ɗaukar motsi. Gaskiya makonni ukun farko sun yi aiki, a bidiyo ina ganinsa ya zo ya tsaya daga nesa ya juya. Daga nan fa shikenan, ya gane. Akwai daren da ya zo ya shinshina fitilar ya ɗaga ƙafa ya yi mata fitsari, na kalli bidiyon nan ya fi sau biyar ina jin haushi ina dariya. Duk wanda ya taɓa kafa mutum-mutumi a gonar gero ya san zancen, kwana kaɗan tsuntsu zai fara sauka a kansa. In kana canza musu wuri duk mako suna ɗan taimakawa, amma wa ke da wannan lokacin. Ɗaya kuma in aka yi kwana biyu ana hadari sai ta mutu kafin asuba, daidai lokacin da ake buƙatarta. Araha ba ta ado.

Rolar ce abin da ya sa na zauna rubutun nan. Bututu ne na alminiyam, kowane tsawon ƙafa 4, ana jera su a saman shinge a kan 'yan ƙarafa da ke barinsu su juya. Dabarar ita ce dila ba ya tsallake dogon shinge fit ɗaya, tsalle yake ya kama saman da ƙafafun gaba sannan ya ja jikinsa ya haye, to in ya kama abu ya mirgina ba shi da madafa. Shi ya sa dole shingenka ya kai ƙafa 6. In gajere ne kar ma ka ɓata kuɗinka, zai wuce ta sama ko taɓa rolar bai yi ba. Guda 16 na saya don ɓangaren da akurki yake da bayan kicin kawai, kowanne kusan dala 30 a lokacin, da kuɗin kawowa abin ya taɓa aljihu ba ƙarya, in da duk filin zan zagaye da sai na ci bashi.

Ni da babban ɗana muka ɗaura, Asabar da Lahadi cur. Inda shinge ya miƙe ba wuya, ka huda ka ɗaure sukurori ka zura bututu. Kwana da ƙofa ne suka ba mu wahala, sai da muka yanka bututu uku da zarto, takardar bayanin kuma ba ta ce komai ba a kan shingen da ƙasarsa ta gangara irin namu, sai da muka ƙaro katako muka daidaita saman tukuna. Ka kula kar ka bar tazara tsakanin bututu da bututu, nan zai sa ƙafa. In unguwarku na da ƙungiyar masu gidaje mai dokoki a kan shinge, ka tambaye su kafin ka saya.

Dare na shida kyamara ta kama abin da nake jira. Ya zo wajen ƙarfe 4 na asuba, ya ja da baya, ya yi tsalle, rola ta juya, tim ya faɗo kamar buhun masara. Ya sake, ya sake faɗowa, sai ya tsaya yana kallon saman shingen kamar mai lissafi. Ba banza ba a tatsuniya ake ce masa malamin daji. Tun daga ranar ban ƙara ganin ya gwada ta sama ba. Wani amfanin da ban yi tsammani ba, magen da ta rage ita ma ba ta iya haurawa ta fita yawo. Abin da za ka riƙa dubawa kawai ganye da ƙura, suna shiga gefen su hana juyawa, duk wata nakan bi da hannu in mirgina kowanne.

Amma fa a watan Yuni ya shigo ta ƙasa ya ɗauke kaji biyu, kuma wannan laifina ne. Babbar Sallah ce, muka yanko rago a gona muka kawo, aka wanke kayan ciki a bayan gida, ni da wayona na tona rami ɗan ƙarami kusa da shinge na binne dattin. Ai kuwa kamar na aika masa katin gayyata. Ya tona nan, ya ga ƙasar da laushi, ya ci gaba har ya ɓullo ciki. Maganin da dattijon ya nuna min ragar waya ce, ka shimfiɗa ta kwance a wajen shinge faɗin ƙafa 2, ka ɗaure gefenta da gindin shingen ka rufe da ƙasa, shi a gindi yake fara tono sai ya tarar da ƙarfe ya haƙura. Kuɗinta bai kai kwatan na rola ba, kuma a ganina bai kamata a sayar wa mutum da rola ba a gaya masa wannan ba.

Wasu sun ce min kawai in nemi bindiga, a nan Texas da yawa haka suke yi. Ni ban bi nan ba. Gwamnatin Amurka na kashe dubun-dubatarsu duk shekara amma yau ba jihar da babu su sai Hawaii, ka kawar da ɗaya wani ya gaji wurin. Masu bincike da ke bin su da na'ura a wuya a Chicago tun shekarar 2000 sun nuna yawancin abincinsu ɓeraye ne da zomaye da 'ya'yan itace, mage tsautsayi ne ke haɗa su in ka sauƙaƙa masa. Don haka muka daina barin kwanon abincin mage a baranda, bola sai da murfi, ragowar tuwo da ƙashi ba a watsa wa kaji da yamma, mage kuma ana kiran magariba a waya tana ɗaki. In muka gan shi da rana yara su fito da gwangwani mai tsakuwa da murfin tukunya su yi ta ihu har ya ɓace, ba a gudu, ba a juya masa baya.

In maki zan bayar, rola 4 cikin 5, fitila 2, ragar waya 5 duk da ba ita na zo yi wa sharhi ba. Janairu zuwa Maris ne lokacin barbararsu, yawo zai ƙaru, a nan zan ga ƙarshen ƙwarin kayan.

Shi dattijon nawa ba rola ba fitila, jaki ɗaya ya saka cikin tumakinsa, in ya hango dila da haniniya da harbi yake bin sa har bakin waya. Yanzu yara sun tasa ni gaba sai na sayo jaki, mamansu kuma ta ce ba ta baro Funtua ta hau jirgi awa goma sha don ta zo Amurka ta yi kiwon jaki ba.