Yadda ake kamun kifi a tekun Ostireliya, da abin da na ga za mu iya ɗauka mu kai dam ɗin Sabke

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kowa lafiya, ya su Inna, ya yara, ya kuma zafi. A gaida mani mutanen majalisa baki ɗaya. Tunda na turo hoton jan kifin nan da suke ce ma koral tirawut kun hana ni sakat da tambaya, wani ya ce nawa ake saida shi, wani ya ce ko jirgin nawa ne, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maku komi dalla-dalla, don wallahi akwai abubuwan da na gani a harkar nan da suka tsaya mani a rai kuma na san sun shafe mu can gida.

Jirgin ba nawa ba ne, na wani abokin aikina ne ɗan ƙasar, ɗan ƙaramin jirgi ne na alminiyam wanda bai wuce ya ɗauki mutum uku ko huɗu ba, da injin Yamaha a bayanshi. A nan Townsville, arewacin jihar Kwinsland, kusan duk layin da ka bi sai ka ga irinshi a ƙofar gida bisa tirela. Kuma masu shi ba masunta ba ne, makanikai ne da malaman makaranta da direbobi da ma'aikatan asibiti, ranar Asabar in iska ta kwanta sai kowa ya ɗaura nashi a bayan mota ya nufi bakin ruwa tun kafin asuba. Kamun kifin nan nishaɗi ne a wajensu, abin da ka kamo ka ci da iyalinka ka ba maƙwabta, doka ma ta hana ka saida ko da guda ɗaya in ba kana da lasin ɗin sana'a ba.

Inda ake zuwa kuwa shi ne duwatsun murjani da ke ƙarƙashin teku, wanda duniya ta sani da Great Barrier Reef. Tsawonshi ya kai kilomita 2,300, yankin da gwamnati ta killace tun 1975 ya haura murabba'in kilomita 344,000, wato ya fi kashi ɗaya cikin uku na faɗin Najeriya, ku duba ikon Allah. Murjanin nan ba dutse ba ne kawai, wasu ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi a hankali, kifaye kuma su maida ramukanshi gida. Mai ƙaramin jirgi yakan tsaya kusa, wajen tsibirin Magnetic da ke kamar kilomita 8 daga gari, manyan duwatsun kuwa suna can nesa, sai ka yi tafiyar awanni har ƙasa ta ɓace maka, ba ka ganin komi sai ruwa ta kowane gefe. Mutumin da ya tashi a Daura ya tsinci kanshi a wurin nan dole bakinshi ya cika da salati.

Bari in fara da kaya tunda shi kuka fi tambaya. Akwai manyan shaguna da ba su saida komi sai kayan jirgi da na fatsa, irin su BCF, ka shiga ka ga ƙugiya kala-kala an jera kowace da lambarta, dalma daga ƙarama har wadda za ta cika hannu, zare mai kauri daban-daban, sandar fatsa mai keken naɗi, kula, anga, fitila. Gidajen mai da yawa na kusa da ruwa suna saida ƙanƙara a buhu da daskararren sardin na sa wa a ƙugiya, ko ƙarfe huɗu na dare ka je za ka samu. Sai na'urar da ke jikin jirgi mai allo, tana tura sauti ƙasa ya dawo ta zana maka zurfin ruwa da tudun murjani har da garken kifi in yana wurin, kuma in ka samu wuri mai albarka sai ka danna ta adana maka shi, wata shekara ta maido ka daidai kanshi. Abin burgewa ne ba ƙarya. Amma fa abin da ya fi ba ni mamaki, tsofaffin da suka fi kowa iya kama jan kifin nan da zaren hannu suke kamawa, zare mai kauri da dalma da ƙugiya ɗaya, ba sanda ba keke, suna jin taɓin kifi a yatsa. Dalili, shi wannan kifi da zarar ya cafki ƙoto rami yake nufa a guje, in ba ka fizgo shi nan take ba ya shige cikin murjani zaren ya goge ya tsinke. Ni na tabbata duk wani masunci na dam ɗin Daberam in aka ba shi zaren nan, kafin la'asar ya gane kan abin, don hannu ne da haƙuri, kuma mutanenmu suna da su.

Wajen gyara kam mun fi su sauƙi nesa ba kusa ba. A nan makaniki kuɗin awa yake caji, kuma sai ka yi bukin ka jira layi, inji kuma ana son a yi mashi sabis duk bayan awa 100 na aiki ko duk shekara. Abu kaɗan ya lalace sai a ce a canza sabo, ba mai zama ya kwance ya ɗaure ya yi dabara kamar yadda masu gyaran injin ban ruwa ke yi a gida. Ga ruwan gishiri yana cin ƙarfe, duk dawowa sai ka jona tiyo ka wanke cikin injin da ruwan famfo, ka wanke tirela, in ka yi sakaci tsatsa ta gama da kai. In ka lissafa mai da ƙanƙara da rajistar jirgi da ta tirela, sau da yawa kifin da ka kamo bai fi na shago araha ba, duk da cewa jan kifin, koral tirawut, yana cikin masu tsadar gaske, har da ranshi ake fitar da shi zuwa Hong Kong. Namanshi fari ne tas mai laushi, ƙaya kaɗan. Amma gaskiya har yanzu ban ci abin da ya kai farfesun tarwaɗa mai yajin daddawa ba, kuma banda irin namu mai ƙamshin hayaƙi babu shi a nan ko kana da kuɗin.

To yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. A gefen kusan kowane jirgi akwai ma'auni manne, kamar rular 'yan makaranta amma doguwa. Ka jawo koral tirawut, kafin ka yi murna sai ka shimfiɗa shi bisa ma'aunin, in bai kai santimita 38 ba ruwa za ya koma, ko da kuwa shi kaɗai ka samu ranar. Kuma ba ka wuce guda 7. Wani jan kifin babba da suke ji da shi sai ya kai santimita 55, shi kuma guda 5. Duka kifayen murjani in an haɗa, mutum ɗaya ba ya riƙe fiye da 20. Hikimar ita ce a bar kifi ya girma ya yi ƙwai ko sau ɗaya kafin a ci shi. Sannan a watan Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da wata ke ɓuya, ana rufe kamun kifin murjani na kwana biyar-biyar saboda lokacin ne suke taruwa su zuba ƙwai. Tun 2004 kuma aka ware kusan kashi ɗaya cikin uku na yankin aka ce ba a jefa ƙugiya ko kaɗan, a taswira an shafa mashi kore, taswirar kyauta ake ba da ita a shagunan fatsa, akwai ta a waya ma. In aka kama ka kana fatsa a koren yankin tarar ta haura dalarsu dubu biyu, kuma har ta sama suke sintiri da jirgi. Na ga mutum ya saki kifin da saura ɗan yatsa ya cika ma'auni, a tsakiyar teku, ba ɗan sanda ba kowa, kuma ko a jikinshi.

Sai na tuna yadda ake jan ruwa da gidan sauro a wasu madatsunmu, a kwashe har 'ya'yan karfasa da ba su kai ɗan yatsa ba a shanya a rana, wasu ma da ba su jin tsoron Allah su zuba guba a ruwa, daga baya kuma a zauna ana cewa kifi ya yi ƙaranci. Ban ga laifin talakan da ke neman abin da za ya kai gida ba, shi ba nishaɗi ya fito ba, wannan bambancin dole a faɗe shi. Amma shi ɗin ne dai za ya fi kowa shan wahala in ruwan ya mutu. Kuma hana kamu na wani lokaci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, a Argungu ai ana tsare ruwan Matan Fada har sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Sarkin ruwa na da wannan ikon tun kaka da kakanni.

Af, giwan ruwa ma na da ɗan uwa a nan, baramundi suke ce mashi, in ka gan shi sai ka rantse namu ne. Shi kamun kifi a teku ba a biyan lasin a jihar nan, amma akwai madatsun ruwa irin su Tinaroo da sai ka sayi takardar izini, kuma mafi yawan kuɗin ana maida su ne wajen sayo 'ya'yan kifi a zuba a dam ɗin. Wannan tsarin da za a yi shi da gaskiya a Zobe ko Jibiya ko Ajiwa, da an ga canji.

Ɗaya abin kuma shi ne tsaron rai, wannan kam in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Ba ka tuƙa jirgin da injinshi ya wuce ƙarfin doki 6 sai da lasin. Dole kowane mutum da ke ciki a tanadar mashi rigar kariya ta ruwa daidai jikinshi, yaro da tashi babba da tashi. In za ka yi nisa da gaɓa sai ka ɗauki abin harba wuta sama na neman agaji, da wata na'ura da in ka kunna ta take aika wurin da kake ta tauraron ɗan adam zuwa cibiyar ceto a Kanbera, babban birnin ƙasar. Kafin ka fita sai ka kira 'yan agajin teku ta rediyo, mutane ne 'yan sa kai, yawancinsu dattawa da suka yi ritaya, ka faɗa masu ku nawa ne, ina za ku, ƙarfe nawa za ku dawo, in lokaci ya wuce ba su ji ka ba su fara cigiya. Hukumar hasashen yanayi kuma kullum tana fitar da ƙarfin iska da tsayin igiyar ruwa, kyauta a waya, in ta ce iska za ta tashi ba mai gardama, kowa ya bar jirginshi a gida. Ku tuna yaran da kwale-kwale ya kife da su a Mai'aduwa lokacin sallah a 2022, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Ajali in ya zo ba makawa, amma an umurce mu da ɗaukar sababi, kuma ruwan da ya ci yaran nan bai kai ko kusa da tekun da mutanen nan ke shiga duk mako su dawo lafiya ba.

Kada ku ɗauka komi lafiya lau ne a nan. Akwai kada a bakin koguna da wajen gangaren simintin da ake sauke jirgi, shi ya sa aka hana zubar da hanjin kifi a wurin. Daga Nuwamba zuwa Mayu akwai wata halitta mai yauƙi mai mugun dafi a ruwan gaɓa, ba a shiga sai da riga ta musamman. Kifin shak kuma yakan biyo wanda ka kamo ya datse shi, ka jawo kai kawai. Akwai ma wata guba da ke taruwa a jikin wasu manyan kifayen murjani daga abin da suke ci, dahuwa ba ta kashe ta, sanyin firiza ma haka, wanda ya ci sai ya riƙa jin abu mai sanyi kamar yana ƙona shi, don haka akwai nau'o'in da aka hana ci gaba ɗaya. Shi kanshi murjanin yana shan wuya, zafin ruwa ya sa ya yi fari fat a wurare da dama a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024, kuma in zafin ya daɗe mutuwa yake. Duk dokokinsu ba su iya hana wannan ba.

Yaya abin da nake roƙonka, in ka samu sarari ka leƙa Sabke ka samu sarkin ruwa ko wani babba cikin masunta, ka gaishe shi da kyau ka ji ta bakinsu, wane irin koma suke amfani da shi yanzu, wane wata karfasa da tarwaɗa ke ƙwai a wurin, kuma kwale-kwale nawa ne ke ɗaukar mutane. Su suka san ruwansu, ba mu za mu koya masu ba. Sannan ka sa a tambayo mani farashin rigar kariya ta ruwa a Kano, ta manya da ta yara, don sayen ta a nan da kuɗin aikowa asara ce. Ni da wasu 'yan uwa biyu da ke nan mun yi magana za mu haɗa abin da ya sawwaƙa a fara da masu fito, a ajiye rigunan a hannun mai jirgi ba a raba wa mutane su kai gida ba. In ka samu farashin ka kira ni da safenku, mun riga ku da awa tara, lokacin na taso daga aiki.